Wace fashewar tauraro za ka dogara da ita wajen auna faɗaɗar sararin samaniya?

Ɗalibin da ya ce yana son yin bincike a kan faɗaɗar sararin samaniya, da wuya malaminsa bai nuna masa sufanoba nau'in Ia ba. Ita ta yi suna, ita ta kawo kyautar Nobel ta 2011, ita ke da tarin bayanan da kowa zai iya saukewa a kwamfutarsa yau ɗin nan. Sai dai ba ita kaɗai ce fashewar tauraro da ake auna nisa da ita ba. Akwai nau'in II-P, akwai sufanobar da ƙarfin nauyi ya lanƙwasa haskenta har ta bayyana a wuri fiye da ɗaya, akwai kuma karon taurarin nutiron, wato matsattsun gawarwakin manyan taurari. Kafin ka zaɓa, tsaya ka san tambayar da kake son amsawa, domin tambayoyin biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su.

Ta farko: da wane sauri sararin samaniya ke faɗaɗa a yanzu? Amsarta lamba ce guda, adadin Hubble, wanda ake faɗa da kilomita a sakan ga kowane megafasek. Megafasek ɗaya ya kai shekarun haske miliyan 3.26. Ta biyu: saurin nan ƙaruwa yake yi ko raguwa, in aka bi tarihinsa na biliyoyin shekaru? Ta farko sai da nisa na haƙiƙa, wanda za a iya juyawa zuwa kilomita. Ta biyu ba ta buƙatar haka. Ya ishe ka ka san wannan abu ya ninka wancan nisa sau goma, ko da ba ka san nisan ko ɗaya daga cikinsu ba.

A duka biyun, auna saurin da galaksi, wato babban tarin taurari, ke nisantarmu ba shi ne aikin ba. Ana tarwatsa haskensa a fitar da bakansa, wato jerin launukansa, a duba yadda layukan da ke ciki suka gusa zuwa ɓangaren ja, shi ke nan. Nisa ne ke ba da wahala. Da Edwin Hubble ya fitar da sakamakonsa a 1929, ya samu kusan 500, wato ninki bakwai na abin da ake samu yau, kuma laifin duk na awon nisa ne.

Mu fara da Ia, tunda a kanta kowa ke fara tsayawa. Abin da ke fashewa farin wada ne, gawar tauraro irin rana, girmansa bai wuce na duniyarmu ba amma cike yake da kabon da oksijin a matse. In yana da abokin zama da yake jan abu daga jikinsa, ko suka haɗe da wani wadan, sai wuta ta kama shi, ya ƙone cikin 'yan sakanni, ba abin da zai rage. Ƙonewar na samar da nikel-56 mai nauyin kusan rabin rana. Nikel ɗin yana rikiɗa zuwa kobalt, rabinsa a kowane kwana 6, kobalt kuma ya koma ƙarfe, rabinsa a kowane kwana 77. Wannan rikiɗar ce ke ba da hasken da muke gani. Hasken yana hawa na kusan mako uku, ya kai ƙololuwar da ta ninka ta rana sau biliyoyi, sannan ya fara sauka.

Littattafan gabatarwa kan ce duk Ia haskensu ɗaya ne, saboda duk suna fashewa a nauyi ɗaya, iyakar Chandrasekhar, kimanin nauyin rana 1.4. Maganar tana da daɗin koyarwa, amma ba haka abin yake ba. A shekarar 1991 kaɗai an ga sufanobar SN 1991T da ta fi sauran haske, aka kuma ga SN 1991bg da ta gaza su nesa ba kusa ba. Har yau masana na jayayya a kan ko mafi yawan wadannin suna kaiwa wannan iyaka kafin su fashe, ko ƙasa da ita suke tashi. Abin da ya ceci hanyar shi ne abin da Mark Phillips ya nuna a 1993: wadda ta fi haske ta fi jinkirin dusashewa. Ka auna yadda hasken ya ragu a kwana 15 bayan ƙololuwa, za ka iya hasashen ainihin ƙarfinsa. Binciken Calán/Tololo na ƙasar Chile ya tara misalan da suka tabbatar da wannan. Aka zo aka ƙara gyara na launi, domin wadda ta fi ja ta fi dusashewa. Bayan gyare-gyaren, sufanoba guda tana ba da nisa da kuskuren kashi 5 zuwa 7 cikin 100. Babu wani abu mai haske haka da ke ba da daidaito haka.

Da wannan ne ƙungiyoyi biyu masu gasa da juna, ta Saul Perlmutter da ta Brian Schmidt da Adam Riess, suka fito da sakamakonsu a 1998 da 1999. Ƙungiyar Riess ta yi aiki da sufanoba 16 masu nisa, ta Perlmutter da 42. Duka sun ga na nesan sun dusashe da kashi 20 zuwa 25 cikin 100 fiye da abin da ake tsammani. Ma'ana sun fi nisa, ma'ana faɗaɗar tana ƙara sauri. Abin lura a nan, ba su buƙaci sanin ainihin hasken Ia ba. Na kusa suka gwada da na nesa. Da a ce duk Ia ɗin sun ninka haskensu, sakamakon ba zai canja ba. Ga kuma wata kyauta da Ia ke bayarwa: fashewar da ke can nesa, wadda tsawon zangon haskenta ya ninka kafin ya iso mu, muna ganin hawa da saukarta sun ɗauki ninki biyu na lokaci. Wannan shaida ce kai tsaye cewa sararin ne ke miƙewa, ba hasken ne ke gajiya a hanya ba.

Saboda haka in tambaya ta biyu ce ke damunka, wato tarihin faɗaɗa da ɓoyayyen makamashin da ake zaton shi ke tura ta, zaɓin a fili yake. Kundin Pantheon+ na 2022 yana da sufanoba 1550. Binciken DES ya ƙara fiye da 1600 a 2024. Babu wata fashewa da ta kusa da wannan.

Amma ka shiga da sanin irin aikin da za ka tarar, don ba kallon taurari ba ne, faɗa ne da ƙananan kurakurai. Ƙura ce ta farko. Tana dusashe haske, tana kuma mayar da shi ja, kuma raba jan ƙura da jan da fashewar ta zo da shi ba ƙaramin aiki ba ne. SN 2014J, wadda malami da ɗalibansa suka gano a Landan a Janairun 2014 a cikin galaksin M82, tana kusa da mu sosai, amma ƙurar da ta rufe ta ba ta bin ƙa'idar ƙurar galaksinmu. Na biyu ya fi ban haushi. Tun wajen 2010 aka lura cewa bayan duk gyare-gyare, Ia da ke cikin manyan galaksi sun fi na ƙanana haske da kusan kashi 5 ko 6 cikin 100. Ana gyara shi a lissafi, amma ba a gama yarda a kan dalilinsa ba: wasu sun ce shekarun tauraron ne, wasu sun ce bambancin ƙura ne. Abin da ya sa ya zama matsala shi ne galaksi na zamanin dā ba irin na yau ba ne, sun fi ƙuruciya, ba su kai na yau nauyi ba. In halin fashewar na canjawa da zamani, za ka iya ɗaukar wannan canjin a matsayin canjin faɗaɗa. Sai kuma son kai na na'ura: a can iyakar abin da madubin hangen nesa ke iya gani, masu haske kaɗai yake kamawa, sai su ja matsakaicin sama. Sai daidaita awon wannan madubi da na wancan, aikin da ba wanda ke yabon mai yin sa amma komai a kansa yake.

Kada ka ɗauka waɗannan ƙananan abubuwa ne. A 2025 ƙungiyar DESI ta ba da sakamakon da ke nuna alamar cewa ɓoyayyen makamashin yana iya canjawa da lokaci. Ƙarfin shaidar, a ma'aunin ƙididdiga da ake kira sigima, ya kama daga 2.8 zuwa 4.2, kuma abin da ya raba lambobin shi ne wane kundin Ia aka haɗa da bayanansu. Fannin kan jira sigima 5 kafin ya ce an gano abu. Ɗalibin da ya ƙware a daidaita awon Ia, ba zai rasa mai neman sa ba.

A tambaya ta farko ne gizo ke saƙa. Ia kamar fitilu ne da aka tabbatar maka ƙarfinsu ɗaya amma ba a faɗa maka ƙarfin ba: za ka san wadda ta fi nisa, ba za ka san tazarar ba sai wani ya auna maka nisan aƙalla guda. Wannan awon daga wani wuri ake aro shi, ta hanyar da ake kira tsanin nisa. Matakin ƙasa lissafin kusurwa ne tsantsa: awon kumbon Gaia na taurarin galaksinmu, da tagwayen taurari masu kare juna a Babban Gajimaren Magellan, ƙaramin galaksi da ke maƙwabtaka da namu, da galaksin NGC 4258 mai nisan megafasek 7.6. Da su ake daidaita taurarin Sefid, masu ƙaruwa da raguwar haske a kan ƙa'idar da Henrietta Leavitt ta gano a farkon ƙarni na 20. Sannan a nemi galaksin da ke kusa har ana iya ganin Sefid ɗinsa ɗai-ɗai, wanda kuma aka taɓa ganin Ia a cikinsa. Irin wannan dacen ba shi da yawa. A galaksinmu rabon da a ga sufanoba da ido tun ta Kepler a 1604. Ƙungiyar SH0ES ta Riess ta tattara duk waɗanda suka cancanta a shekaru arba'in, ta samu 42 a cikin galaksi 37. Dubban Ia na nesa duk a kan waɗannan 42 suke tsaye.

Sakamakonsu na 2022 shi ne 73.04, da yiwuwar kuskure na 1.04 sama ko ƙasa. Kumbon Planck, wanda ya auna tsohon hasken farkon sararin samaniya ya kuma yi lissafi zuwa yau, ya ba da 67.4, da kuskuren 0.5. Lambobin ba sa haɗuwa. Wendy Freedman da abokan aikinta sun cire Sefid suka sa wani nau'in jajayen manyan taurari a madadinsu, suka samu 69.8 a 2019, a tsakiya. Sufanobar ba ta canja ba, matakin da ke ƙarƙashinta ne ya canja. Madubin James Webb ya sake duba Sefid ɗin bai samu kuskuren cunkoson taurari da ake zargi ba, amma gardamar ba ta mutu ba. Wanda ya ce zai auna adadin Hubble da Ia, ya sani cewa rabin rayuwarsa a kan taurarin da ba sa fashewa zai ƙare.

Wannan ne ya sa nake ganin ana raina II-P fiye da kima. Nan jan ƙaton tauraro ne, mai nauyin rana takwas ko fiye, wanda cibiyarsa ta zama ƙarfe ta rufta, ta watsar da rigar haidurojin mai kauri da ke kewaye da ita. Haskenta na tsayawa kusan wuri ɗaya na kwana 100, daga nan sai ya faɗi. A matsayin fitilar awo ba ta da kyau ko kaɗan: wata ta ninka wata haske sau goma ko fiye, kuma matsakaiciyarsu ta gaza Ia da kusan ninki goma, don haka ba a ganin ta daga nesa sosai. Amma tana da abubuwa biyu da Ia ba ta da su. Mun san wanda ya fashe, domin an sha komawa tsoffin hotunan madubin Hubble a ga tauraron kafin mutuwarsa, kamar na SN 2005cs a galaksin M51. Sannan ana iya auna nisanta ba tare da tsani ba.

Hanyar, wadda Robert Kirshner da John Kwan suka kawo a 1974, tana da sauƙin fahimta. Bakan hasken yana nuna saurin da iskar ke bazuwa. Ka san lokacin da aka yi fashewar. Sauri da lokaci su ba ka ainihin girman ƙwallon wutar a kilomita. Launi ya ba ka zafinsa. Girma da zafi su ba ka ainihin hasken da yake fitarwa, ka gwada da wanda ya iso madubinka, nisa ya fito. Ba Sefid, ba Gaia.

Matsalar ita ce iskar ba ta haske kamar cikakken abu mai zafi na littafi. Ilaktoron suna warwatsa hasken kafin ya fita, dole a sa wani adadi na gyara, kuma adadin daga lissafin kwamfuta yake fitowa. Labarin SN 1999em a galaksin NGC 1637 ya isa darasi. Awon farko da wannan hanya ya ba da megafasek 7.5 zuwa 8.2. A 2003 aka auna galaksin da Sefid, aka samu 11.7. Ratar ta kai kusan kashi 50 cikin 100, abin kunya ga hanyar da ke tinƙaho da cin gashin kanta. Da Luc Dessart da John Hillier suka sake lissafin da samfurin da ya fi zurfi, sai suka samu 11.5. Ilimin bai ɓaci ba, sauƙaƙawar ce ta ɓaci. Yanzu ana gina wa kowace fashewa samfurinta, a daidaita shi da bakan haskenta, kuma wani aiki na baya-bayan nan da ya bi wannan tafarki ya samu kusan 75. Akwai wani cikas kuma: wasu taurarin kan zubar da iska mai yawa gab da mutuwarsu, fashewar ta yi karo da ita, ta lalata awon kwanakin farko. An ga haka ƙarara a SN 2023ixf, a galaksin M101, wanda shi ne ma ya ba mu SN 2011fe, Ia mafi tsabta da aka taɓa nazarta.

Akwai gajeriyar hanya ga II-P da Mario Hamuy da Philip Pinto suka nuna a 2002: wadda ta fi haske ta fi saurin bazuwa, don haka ana iya daidaita su kamar Ia. Ta ba da 75.4 a 2022, da kuskuren kashi 5 cikin 100. Ni dai ban ga ribarta sosai ga mai neman 'yanci ba. Ta koma kan tsanin da aka gudo daga gare shi, da fitilar da ba ta kai Ia kyau ba. Amfaninta shi ne ta nuna cewa in da kuskure a 73 ɗin, da wuya ya kasance daga halin Ia yake.

Sauran biyun sun fi burgewa a labari, sun fi wuyar dogaro a aiki. Sjur Refsdal, masani ɗan ƙasar Norway, ya kawo shawara a 1964 cewa in wani babban galaksi ya tsaya tsakaninmu da wata sufanoba, haskenta zai bi hanyoyi daban-daban, ya iso a lokuta daban-daban, kuma tazarar lokacin za ta ba da adadin Hubble. Sai da aka yi shekara 50 kafin a ga irinta. A Nuwamban 2014 Patrick Kelly ya gano ta a hotunan Hubble, ta fito sau huɗu. Aka yi hasashen za ta sake bayyana a wani gefe, ta kuwa bayyana a Disamban 2015. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya faɗa tsakanin 65 da 67. Wata da James Webb ya gano a 2023, SN H0pe, ta ba da kusan 75, da kuskure mai faɗi. Dukansu sun dogara da taswirar nauyin tarin galaksin da ya lanƙwasa hasken, kuma mafi yawan nauyin nan ba a ganin sa. Wanda ya zaɓi wannan, gwanin taswirar nauyi zai zama, ba gwanin sufanoba ba.

Karon taurarin nutiron ya fi duka tsabta a ka'ida, kamar yadda Bernard Schutz ya nuna a 1986: igiyoyin nauyin da karon ke fitarwa suna ɗauke da nisansu a jikinsu. Ranar 17 ga Agusta 2017 na'urorin LIGO da Virgo masu kama igiyoyin nauyi suka kama ɗaya, madubai suka ga haskensa a galaksin NGC 4993, aka samu 70, da kuskuren 12 sama da 8 ƙasa. Wannan faɗin ya haɗiye 67 da 73 duka. Karon da aka kama bayan nan sun haura ɗari, amma kusan duk na baƙaƙen ramuka ne da ba sa fitar da haske. Ba zan ba ɗalibin da ke da shekara uku ko huɗu shawarar ya jingina digirinsa da jiran irin wannan sa'a ba.

To, ina za ka sa ƙafa? In abin da kake da shi kwamfuta ce da intanet, ba ka da lokaci a wani babban madubi, ɗauki Ia. Bayanan Pantheon+ da na DES a buɗe suke, kuma tambayoyin ƙura da bambancin manyan galaksi da ƙanana ana iya kai musu hari daga tebur. In kana son lissafi da ƙididdiga, nan ne gidanka. In kuma kimiyyar yadda haske ke ratsa iska mai zafi ce ta fi jan hankalinka, kuma rikicin 67 da 73 ne ke hana ka barci, II-P ta hanyar auna ƙwallon wuta ta fi dacewa, mutanen cikinta ba su da yawa, kuma sakamakon mutum ɗaya na iya yin tasiri.

Dubi kuma abin da ke tafe. Cibiyar Vera Rubin da ke Chile, mai madubin mita 8.4, ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, kuma ana sa ran ta gano Ia dubu ɗaruruwa. Wannan zai ƙarfafa amsar tambaya ta biyu ƙwarai, ya kuma haifar da sabon aiki, domin ba za a iya ɗaukar bakan hasken kowacce ba, dole a tantance nau'insu daga hawa da saukar haske kaɗai. Amma ba zai ƙara yawan Ia na kusa da ake daidaita tsani da su ba. Waɗannan kusan ɗaya suke zuwa a shekara, ko madubi nawa aka gina. II-P da sufanoba masu lanƙwasasshen haske ne za su ci moriyar Rubin a tambaya ta farko, tunda za a riƙa kama su da wuri kuma da yawa.

Sai dai II-P ba ta yiwuwa da hotuna kaɗai. Kana buƙatar bakan haske mai kyau sau biyu ko uku a makonnin farko, da sanin ranar fashewa daidai, kuskuren da bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba, domin kuskuren lokaci kai tsaye yake shiga lissafin girma. Kafin ka sa hannu a takardar bincike, tambayi malaminka ko ƙungiyarsu na da lokacin da aka ware mata a madubi mai na'urar tarwatsa haske, wanda za a iya juyawa cikin kwana ɗaya ko biyu bayan sanarwa. In amsar a'a ce, koma ga Ia.